Ikon killace mutane da nauyin da ya kamata ya zo tare da shi

Ranar 30 ga Maris 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan ƙa'idojin da suka kulle Legas da Ogun da Abuja saboda korona. Dokar da ya dogara da ita wajen hana miliyoyin mutane fita daga gidajensu an yi ta ne a 1926, zamanin Turawan mulkin mallaka, lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta addabi Legas. Dokar killacewa ce mai sashe takwas kacal. Ta ambaci cututtuka biyar da sunansu: kwalara, annobar ɓeraye, zazzaɓin shawara, agana da zazzaɓin taifus da kwarkwata ke ɗauka, sannan ta bar wa shugaban ƙasa damar ƙara duk wata cuta mai yaɗuwa ta hanyar sanarwa. Ta ba shi ikon ayyana wuri a matsayin wanda cuta ta kama, da ikon yin ƙa'idojin da ya ga sun dace. Hukuncin wanda ya karya su tarar naira 200 ce ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Agana kuwa tun 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga duniya, amma sunanta na nan a cikin dokar. Da aka zo Janairun 2021 za a wajabta takunkumin fuska da ba da tazara, wannan dokar dai aka sake ɗaukowa.

Tsufan dokar ba shi ne babban aibinta ba. Aibinta shi ne abin da ta yi shiru a kansa. Ba ta faɗi kwana nawa za a iya tsare mutum ba. Ba ta faɗi wa zai ciyar da shi da iyalinsa ba. Ba ta faɗi inda zai kai kuka idan yana ganin an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, balle ta ce a biya ɗan kasuwar da aka ƙona wa kaya don kare lafiyar wasu. Ikon tilasta wa jama'a a rubuce yake, kuma yana da faɗi. Nauyin kula da su kuwa an bar shi ga tausayin wanda ke kan kujera. Ra'ayina shi ne duk dokar da ta ba gwamnati ikon rufe ƙofa a kan mutum, dole a cikin wannan dokar, a sashen da ke biye, ta ɗora mata nauyin abincinsa da maganinsa da wa'adin sakinsa da hanyar ɗaukaka ƙara. Kuma wurin da ya fi buƙatar wannan gyara shi ne majalisun dokokin jihohi, domin can aikin yake.

Tushen ikon yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 35, wanda ya kare 'yancin mutum daga tsarewa, ya yi togaciya a kan masu ɗauke da cuta mai yaɗuwa: ana iya tsare su don a yi musu magani ko don a kare al'umma, amma ta hanyar da doka ta tsara. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yancin sirri da na addini da na faɗar albarkacin baki da na taruwa da na zirga-zirga saboda lafiyar jama'a, da sharaɗi biyu. Na farko, sai da doka. Na biyu, dokar ta zama wadda hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Jawabin gwamna a rediyo ba doka ba ne. Sanarwar kwamishina a Facebook ma haka. Idan ɗan sanda ya kama mai shayi saboda ya karya abin da aka faɗa a taron manema labarai, ba a buga shi a jaridar gwamnati ba, ba a kuma jingina shi da wata doka ba, to kamun ba shi da madogara, domin sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum kan laifin da ba a bayyana shi da hukuncinsa a rubutacciyar doka ba. Akwai kuma sashe na 305 na dokar ta-ɓaci, wanda ke buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya, kuma yana ƙarewa bayan wata shida idan ba a sabunta ba. A 2020 ba a bi ta nan ba. An bi ta dokar 1926, wadda ba ta neman amincewar kowa kuma ba ta da wa'adi.

An ga abin da hakan ya haifar. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton cewa a mako biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da a lokacin ya zarce na waɗanda aka tabbatar korona ta kashe a ƙasar. Idan doka ba ta faɗi wa zai aiwatar da ita da kuma iyakar ƙarfin da zai yi amfani da shi ba, mai bindiga a bakin shinge ne zai yanke wa kansa.

Ɗaya ɓangaren, wato nauyin gwamnati, yana sashe na 17 na kundin tsarin mulki, inda aka ce gwamnati ta tsara manufofinta yadda za a samu isassun wuraren kiwon lafiya ga kowa. Magana mai daɗi, sai dai tana cikin babi na biyu, kuma sashe na 6 ya cire hannun kotuna daga bincikar ko gwamnati ta cika abin da ke wannan babin. Ma'ana, gwamnati na iya kai ka kotu don ka fita lokacin kulle, kai kuwa ba za ka kai ta kotu da wannan sashe kaɗai ba don asibitin mazaɓarku ba shi da ungozoma. Akwai ƙofa ɗaya a buɗe: Kotun Ƙoli ta nuna tun 2002, a shari'ar jihar Ondo da gwamnatin tarayya, cewa majalisa na iya ɗauko abin da ke babi na biyu ta mayar da shi doka da za a iya tilasta bin ta. Abin da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta fara yi ke nan, kuma ya dace a yaba mata. Sashe na 20 ya haramta wa asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Sashe na 11 ya kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wanda za a riƙa zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba kuɗin daki-daki: kashi 50 don inshorar muhimman ayyukan lafiya, 20 don magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, 15 don gyaran gine-gine da na'urori da sufuri, 10 don ma'aikata, 5 don jinyar gaggawa. Ta kuma ce jiha ko ƙaramar hukumar da ke son cin gajiyar asusun sai ta kawo nata kashi 25.

Duba inda abin ke lalacewa. An sa hannu a dokar a 2014, amma sai a kasafin 2018 aka fara ware wa asusun kuɗi. Sashe na 20 ya ce a karɓi mai haɗari, amma idan asibiti mai zaman kansa ya kashe jini leda biyu da ruwa da zaren ɗinki a kan mutumin da aka tsinto a bakin titi ba ɗan'uwa ba kuɗi, hanyar da za a mayar masa da kuɗinsa doguwa ce, kuma asibitoci da yawa ba su taɓa bin ta sun ga ƙarshenta ba. Sai mai karɓar kati ya koyi cewa "ba gado" ko "likita ba ya nan", maganar da ke da wuyar kamawa a kotu. Dokar 2017 da ta wajabta yi wa wanda aka harba magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba ita ma tana cin karo da wannan matsalar. Wajabci da ba a ɗaura masa hanyar biya ba, ma'aikaci na ƙasa ne ke ɗaukar zafinsa, shi kuma sai ya sauke a kan majinyaci.

Sai tambayar da ke rikita har masu aikin: lafiya hurumin wa ce? Ana yawan cewa tana cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, amma wanda ya buɗe jadawali na biyu na kundin ba zai ga an rubuta ta a can ba. Abin da zai gani a jerin da aka keɓe wa tarayya shi ne killacewa, da magunguna da guba, da tsara sana'o'i irin aikin likita. Sauran ya faɗa hannun jihohi. Jadawali na huɗu kuma ya ɗora wa ƙananan hukumomi kasuwanni da mayanka da maƙabartu da bayin jama'a da kwashe shara da sa ido kan gidajen abinci da gidajen burodi da rajistar haihuwa da mutuwa, tare da sa hannu wajen samar da ayyukan lafiya. Wato duk wuraren da annoba ke fara tsirowa suna hannun matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, yana da nasaba da lafiyar jama'a fiye da yadda aka tattauna, domin albashin duba-gari da man babur ɗin jami'in sa ido kan cututtuka daga nan suke fitowa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, ta yi shekaru tana aiki kafin a yi mata doka a 2018. Dokar ta ba ta aikin sa ido da bincike da gwaje-gwaje da haɗa kan masu yaƙi da annoba, kuma ita ce ke magana da Hukumar Lafiya ta Duniya a madadin Najeriya ƙarƙashin ƙa'idojin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, waɗanda suka ce a tantance lamari cikin awa 48 a kuma sanar cikin awa 24 idan ya kai a sanar. Amma jami'in NCDC ba zai zo ya rufe rijiya a Gusau ko kasuwa a Haɗeja da ikon kansa ba. Sai jiha ta buɗe masa ƙofa. Idan gwamnatin jiha na jin kunyar a ce an samu kwalara a ƙasarta, sai a yi ta kiran abin "amai da gudawa" har makonni su wuce. Dokar 1926 ta ƙara dagula lamarin: sashe na 8 ya ce gwamna na iya yin ƙa'idojin killacewa ne idan shugaban ƙasa bai yi ba. To idan ya yi wa jihohi biyu da Abuja, sauran fa? A 2020 kowane gwamna ya fassara yadda ya so. Mafi munin abin da ya biyo baya shi ne kwashe almajirai a manyan motoci daga jiha zuwa jiha a watannin Afrilu da Mayu, ana tsakiyar hana zirga-zirga, inda daga baya aka gwada aka samu da dama daga cikinsu ɗauke da cutar a Kaduna da Jigawa. Yara ne 'yan ƙasa da sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya ba su damar zama ko'ina a Najeriya. Ba dokar da ta tanadi a gwada su kafin tafiya, ba wadda ta ce wa zai karɓe su, kuma ta fuskar ilimin annoba an yi daidai abin da ake cewa kada a yi. Al'ummar da ta san umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na kada a shiga garin da annoba ta ɓulla kada kuma na ciki su fita, ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a kan wannan.

Korona ta wuce, amma kwalara ba ta zuwa ko'ina. A 2021 an samu mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da ita a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗanawa. A nan ne ake ganin amfanin doka a kusa. A ce cikin kwana uku an kawo mutum bakwai daga layi ɗaya, duk da zawo fari kamar ruwan shinkafa. Jami'in lafiya ya bi gida-gida ya gano duk rijiya ɗaya suke sha, rijiyar kuwa a zauren wani attajiri take, kuma tazararta da masai ba ta kai mita 10 ba, alhali abin da ake so shi ne mita 30. Aikin da ke gabansa a bayyane yake: ya ɗebi ruwan a kai gwaji, a rufe rijiyar, a zuba sinadarin kulorin a sauran wuraren ɗibar ruwa har a auna a ga ragowarsa ta kai miligiram 0.5 a kowace lita, a tara 'yan ga-ruwa a wanke jarkokinsu, a buɗe wurin ba da ruwan gishiri da sukari a unguwar, a kuma tsara yadda za a yi wa mamata wanka ba tare da masu wankan sun kamu ba. Kowane mataki a nan tambaya ce ta doka. Yana da ikon shiga zauren idan mai gida ya ce a'a? Da wace takarda? Idan ya sa kwaɗo a rijiyar, wa zai kawo wa gidaje 40 da ke sha daga gare ta ruwa, ko da lita 15 ga kowane mutum a rana, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake aiki da shi a lokacin gaggawa? Idan ba a kawo tankar ruwa ba, da daddare za a fasa kwaɗon, kuma ba wanda ke da bakin zargin waɗanda suka fasa. Idan attajirin ya buga waya sama, wace doka ce ta hana a yi wa jami'in canjin wurin aiki zuwa ƙauye kafin Juma'a?

Dattawa na tuna duba-gari na da, wanda yake leƙa randa ya duba ko akwai tsutsar sauro, matan gida na jin an ce ga shi nan su hau shara. Ikonsa ya samo asali daga dokar lafiyar jama'a ta 1917, wadda ta zama dokar Jihar Arewa, jihohi kuma suka gada. Da yawa daga cikin waɗannan dokoki har yau suna ɗauke da tarar da ba ta sayen buhun ruwan leda. Tarar da ba ta da zafi ba ta hana mai gidan ruwa ko mai mayanka komai, tana dai buɗe ƙofar a sasanta a bayan fage. Ba ina kiran a dawo da tsoron duba-gari ba ne, domin wancan tsari na mulkin mallaka ne, talaka ba shi da inda zai kai ƙara. Abin da ake buƙata shi ne jami'in da ke da katin shaida da takardar gargaɗi mai wa'adi, wanda zai iya zuwa gaban majistare a rana ɗaya ya samo izinin shiga, kuma mai gida ya san shi ma yana da damar tsayawa gaban wannan majistaren.

Akwai wani giɓi da ba a cika magana a kansa ba, shi ne kai rahoto. Tsarin sa ido ya ce cututtuka irin su kwalara da sanƙarau da ƙyanda da zazzaɓin Lassa da mashaƙo a sanar da jami'in ƙaramar hukuma cikin awa 24, shi ya tura wa na jiha, na jiha ya tura Abuja. Amma mara lafiya a garuruwanmu ba asibitin gwamnati yake fara zuwa ba. Kemis yake fara zuwa, ko wurin mai maganin gargajiya, ko ƙaramin asibitin kuɗi. Idan doka ba ta ɗora wa waɗannan nauyin sanarwa ba, ba ta kuma ba su tabbacin cewa sanarwar ba za ta jawo a rufe musu shago ba, za su yi shiru. A 2010 yara kusan 400 ne gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara da ake sarrafa ma'adinin zinariya a cikin gidaje, kuma yawan mace-macen yara ne ya ja hankalin ma'aikatan lafiya. Da rajistar mutuwa na aiki a matakin mai unguwa da dagaci, da an ji ƙararrawa tun da wuri. Dokar jiha na iya mayar da rahoton mace-macen da ba a saba gani ba aikin da aka rubuta wa masu unguwanni, da ɗan alawus da lambar da za su kira.

A 2020 an yi yunƙurin maye gurbin dokar 1926. Kakakin majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gabatar da ƙudurin yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, aka yi masa karatu na ɗaya da na biyu a rana guda. Nan da nan aka gano cewa mafi yawansa kwafi ne daga dokar Singafo ta shekarun 1970. Ya tara iko mai yawa a hannun shugaban NCDC, ya ba da damar kama mutum ba tare da sammaci ba, kuma bai yi la'akari da cewa Najeriya tarayya ce mai jihohi 36 ba. Gwamnoni da ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula da malaman addini suka yi masa ca, bai zama doka ba. Waɗanda suka ƙi shi suna da gaskiya a kan abin da ke cikinsa. Kuskuren da aka yi shi ne da ƙura ta lafa sai kowa ya koma harkarsa, aka bar tsohuwar dokar da ta fi shi rashin kariya tana nan daram.

Dokar da ta dace ba ta da wuyar siffantawa, kuma mafi muhimmancin sashenta shi ne na umarnin killace mutum ɗaya. Umarnin ya zama a rubuce, da sunan likitan gwamnati da ya ba da shi, da sunan cutar, da dalilin da ya sa ake zargin mutumin, a karanta masa da harshen da yake ji. Wa'adin ya bi kwanakin da cutar ke ɗauka kafin ta bayyana: Ebola da Lassa kwana 21, kwalara ba ta wuce 5, don haka ba hujjar a yi wa kowa kuɗin goro. Idan mutum ya ƙi amincewa, jami'i na iya riƙe shi na ɗan lokaci, amma a kai maganar gaban majistare cikin awa 48, ko da ta waya ce, kamar yadda kundin tsarin mulki ya ba wanda ake zargi da laifi kwana ɗaya ko biyu. Mara lafiya bai kamata ya samu ƙasa da abin da ake ba wanda ake tuhuma da sata ba. A fara da mafi sauƙi: idan zaman gida zai wadatar, kada a kai shi sansani. Abinci sau uku da ruwa da magani a kan gwamnati, mata a keɓe musu wurinsu da ma'aikata mata, mai shayarwa a tsara yadda za a yi da jaririnta. Wanda ke cin abinci daga abin da ya samo a ranar, kamar ɗan dako ko mai tura baro ko mai sayar da ƙosai, a rubuta adadin abin da za a kai wa gidansa kullum. A hana mai aiki korar ma'aikaci saboda an killace shi. A hukunta jami'in da ya fallasa sunan majinyaci, domin sashe na 26 na dokar 2014 ya riga ya ce bayanan mara lafiya sirri ne. Umarnin kulle gari ko kasuwa kuwa ya mutu da kansa bayan kwana 14 sai in majalisa ta sabunta shi bayan an gabatar mata da alƙaluma.

Za a ce wannan zai ɗaure hannun gwamnati a lokacin da ake buƙatar sauri. Abin da ya faru a Legas a 2014 ya nuna akasin haka. Ranar 20 ga Yuli wani matafiyi mai suna Patrick Sawyer ya sauka daga Laberiya ɗauke da Ebola. Dokta Stella Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata. Ta kamu da cutar, ta rasu a watan Agusta. An tsayar da annobar a kan mutum 20, takwas suka rasu, kuma a 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da ita. Ƙasar ta tsira ne da ƙarfin halin likita ɗaya a asibiti mai zaman kansa, wadda dokar 1926 ba ta faɗa mata a fili cewa tana da ikon riƙe shi ba, ba ta kuma yi mata alkawarin kariya idan aka kai ta ƙara ba. Likita na gaba zai iya zama mai tsoron shari'a. Doka mai bayyanannun matakai ita ce ke ba shi damar cewa a'a cikin minti biyar, da lambar sashe a bakinsa.

Batun tilasta rigakafi ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan, kuma mu a Arewa mun san dalili. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe sama da mutum 11,000, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Abin da ya dawo da mutane shi ne shigowar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi da malamai da mata masu shiga gida-gida, har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a Agustan 2020. Doka na da wurinta a nan, kuma Kotun Ƙoli ta ja layin da ya dace. A shari'ar Okonkwo ta 2001 ta ce baligi mai hankali na da ikon ƙin magani ko da zai mutu. A shari'ar Esabunor ta 2019 ta ce iyaye ba su da ikon hana a ceci ran ƙaramin yaro, kotu na iya ba da umarni. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ma ta wajabta wa iyaye yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara biyu cikakken rigakafi. Na yarda da wannan wajabci. Amma kafin a ci tarar uba, a tambaya: allurar na nan a asibitin mazaɓarsa ranar da matarsa ta je? Firjin na aiki? Idan yaro ya samu illa daga allura, abin da ba kasafai yake faruwa ba amma yana faruwa, wa zai ɗauki jinyarsa? Annobar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023 ta fi kama yaran da ba a yi musu allurar da ake bayarwa kyauta tun suna mako shida ba. Wasu iyayen ƙi suka yi, wasu kuwa ba wanda ya taɓa isa gare su, kuma dokar da ba ta bambance waɗannan biyun ba za ta hukunta wanda aka riga aka yi wa sakaci.

Gyaran dokar 1926 aikin majalisar tarayya ne, tunda killacewa na jerinta. Amma rijiya da mayanka da kemis da maƙabarta da asibitin mazaɓa ba sa jiran Abuja. Kowace majalisar jiha na iya ɗauko dokar lafiyar jama'ar da ta gada, ta sabunta tarar, ta rubuta matakan shiga gida da rufe wuri da ɗaukaka ƙara, ta wajabta kai rahoto ga asibitocin kuɗi da masu kemis, sannan ta kafa asusun annoba da kwamishinan lafiya zai iya taɓawa cikin awa 24 ba tare da jiran takarda ta zagaya ofisoshi ba, a kuma binciki yadda aka kashe shi bayan wata uku. A yi zaman jin ra'ayin jama'a da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a gayyato ƙungiyar 'yan ga-ruwa da sarkin fawa da ungozomomi da limamai, domin su ne dokar za ta fara taɓawa. Lokacin yin wannan aiki shi ne tsakanin ƙarshen damina da shigowar zafi, bayan kwalara ta lafa kuma kafin sanƙarau ya taso, lokacin da 'yan majalisa za su iya karanta ƙuduri sashe-sashe ba tare da gawa na jiran su a ƙofa ba.